Kurakuran da aka fi yi a gardamar asalin ɗan Adam da launin fata

"Ai Darwin ya ce daga biri muka fito." Da wannan ake buɗe gardamar, kuma tun nan aka kauce. Masana ba su ce biran yau ne kakanninmu ba. Cewa suka yi mu da birin cimfanzi kaka ɗaya muka haɗa, kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kuma hujjarsu ƙasusuwa ne irin ƙoƙon kan Toumaï da aka tono a hamadar Djurab ta arewacin Chadi a 2001. Ko musawa za ka yi, musa abin da suka faɗa.

Kuskure mafi muni shi ne na "la'anar Ham", ɗan Nuhu, wai daga ita baƙar fata ta samo asali. Da ita masu bayi a jihohin kudu na ƙasar Amurka suka kare kansu, kuma abin takaici, har yau akwai baƙaƙen fata da ke maimaita ta. Buɗe littafin Farawa sura 9 a Littafi Mai Tsarki ka karanta da kanka. Kan'ana Nuhu ya la'anta, ɗaya daga cikin 'ya'yan Ham huɗu, kuma ba a ambaci launin kowa ba. Kush, ɗan Ham da ake dangantawa da yankin Sudan da Habasha, la'anar ba ta taɓa shi ba. Ayyukan Manzanni 17:26 kuwa ta ce daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. A 1982, taron majami'un Reformed (wani reshen Furotesta) na duniya a Ottawa ya yanke cewa kare wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu da sunan Littafi Mai Tsarki ɓata ne.

Kimiyya ma ba ta ba mai wariya mafaka ba. Launi aikin sinadarin melanin ne, mai kare fata daga hasken rana. A 1972 masanin ƙwayoyin gado Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado yana cikin kowace al'umma ne, ba tsakanin al'ummai ba.

Sai masu cewa duk Kirista ya ƙi batun juyin halitta. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya ba da damar bincike kan asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa Allah ne ke halittar kurwa kai tsaye. Wasu majami'u kuwa sun tsaya daram kan cewa cikin kwana shida Allah ya halicci duniya. Kafin ka ce "Kiristoci sun ce", tambayi abokin gardamarka cocin da yake zuwa.