Kurakuran da masu sayen fili a Gombe suke ta maimaitawa

Duk wanda ya zo min da maganar zai sayi fili a Gombe tambayata ta farko ita ce, a wane wata ka je ka gani? In ya ce Janairu ko Maris sai in ce to ba ka ga komai ba tukuna. Garin nan a kwari yake, ƙasar kuma mai yashi ce, zaizaya ba wasa take ba. Wani ɗan ƙanin babana ya sayi fuloti 50 by 100 da rani, wuri shar a baje, har ya sauke yashi tifa biyu da bulo, ruwan Agusta na zuwa wata 'yar hanyar ruwa da yake tsallakewa da ƙafa ta zama rami ya fi tsayin mutum, ta cinye kusan rabin filin. Wanda ya san kwarin da ke wajen Malam Inna da na bayan kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) ya san abin da nake faɗa. Maganin kawai ka je da damina bayan an ɗauke ruwa, ka ga inda ruwa ke bi, ka kuma tambayi maƙwabta ba dillali ba, don shi dillali la'adarsa yake hange, ko a tsakiyar kogi ne zai ce maka tudu ne.

Sai maganar takarda, nan ne mutanenmu suka fi shan kashi. An rubuta takardar ciniki, shaidu uku sun sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, shikenan mutum ya sa a ƙarƙashin katifa yana ganin ya gama. Takardar nan tana da amfani ba a ce ba, amma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, kai izinin zama ake ba ka, takardar izinin ita ake kira C of O, yawanci na shekara 99. Ko fili mai C of O ka saya sai an nemi amincewar gwamna kafin a mayar da shi sunanka. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, je GOGIS, wato hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, a duba maka sunan wa ke kan filin, an jinginar da shi a banki ko a'a, ko ma hanya ce aka tsara za ta bi ta wurin. 'Yan Bauchi su kuma BAGIS. Kuɗin binciken da na lauya bai kai kuɗin zirga-zirgar kotu na wata ɗaya ba wallahi.

Kuma abin da da yawa ba su sani ba, in gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Masu tara filayen awon igiya suna jiran su yi tsada su lura da wannan.

Filin gado kuwa, hmm. Babban wa ya zo ya ce shi ke da magana a gidan, ka biya shi, bayan shekara biyu wata ƙanwarsu da ke aure a Kumo ta bayyana ta ce ita ba ta sallama kasonta ba, kuma gaskiyarta ce, shari'a ta ba ta. In ba a raba gado ba kar ka taɓa. In an raba, a nuna maka takardar rabon, ko kuma duk magada maza da mata su sa hannu a gabanka.

Ka saya ka watsar ma kuskure ne, musamman ku da ke zaune Abuja ko Legas. A kira safiyo ya kafa turaku, ka zuba ko layi uku na bulo a kusurwoyi, ka ba wani ya riƙa shuka wake ko gyaɗa a ciki. Filin da ba a zuwa dubawa shi ake sayarwa mutum biyu.

Masu gina gidan haya su kuma lissafi ne ba sa yi. Misali ka kashe miliyan 20, hayar shekara dubu 800, shekara 25 kenan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a sa gyaran rufi da fenti da kwashe masai ba, ba a sa ɗan hayan da zai ce Alhaji a yi haƙuri sai ƙarshen wata har wata shida ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 siminti da rodi suka haura, duk da ga kamfanin siminti na Ashaka nan a jiharmu, shi ya sa kango ya yi yawa a bayan gari, an kai linta kuɗi ya ƙare. Kusa da jami'ar jiha ɗaki ɗai-ɗai mai banɗaki a ciki ya fi saurin shiga a kan ƙaton gida mai falo biyu. Ka fara da ɗaki huɗu ka rufa, ka haƙa rijiya ko burtsatse tun farko, don a Gombe ɗan haya kafin ya tambayi kuɗi sai ya tambayi ruwa.