Yadda Ake Sauka Yawon Buɗe Ido a Tashoshin Jirgin Ruwa Ba Tare da Jirgi Ya Tafi Ya Bar Ka Ba

Jirgin yawon buɗe ido da ke zagaya duniya yakan yi wata uku zuwa shida a teku, yana yada zango a tashoshi da dama, galibi daga safiya zuwa yamma. A nan sababbin matafiya suke kwafsawa. Mutum zai ga an rubuta awa 12 a jadawali, ya tsara yawon awa 12, alhali wani lokaci ko rabinsu ba zai samu ba.

Kafin ka biya kuɗin tafiya, ka bi ƙasashen da ke kan hanya ɗaya bayan ɗaya ka duba bizarsu. Kada ka ce ai ba za ka sauka ba, domin akwai ƙasashen da dole ka riƙe bizarsu ko da za ka wuni a ɗakinka, kuma kamfani kan hana mutum hawa tun daga tashar farko idan takardunsa ba su cika ba. Fasfo ya kasance yana da sauran wata shida bayan ranar gama tafiya, da shafukan da ba a buga musu hatimi ba. Wasu tashoshin Afirka da Kudancin Amurka suna neman katin rigakafin cutar shawara.

Sai ka buɗe taswira ka ga inda jirgin zai tsaya da gaske. Jadawali zai ce Roma, amma tashar tana Civitavecchia, kusan kilomita 80 daga birnin. Paris kuwa daga Le Havre ake zuwa, kusan kilomita 200. Bankok daga Laem Chabang, tafiyar awa biyu idan hanya ta yi kyau. Daga Safaga zuwa Luksor a Masar ya haura awa uku zuwa kaɗai.

Lissafin lokaci daga ƙarshe ake fara shi. Ɗauki Roma: jirgi ya iso ƙarfe 7 na safe, zai tashi 7 na yamma. Lokacin da ake so kowa ya dawo yakan kasance rabin awa kafin tashi, wato 6:30, kuma da shi za ka yi aiki, ka manta da ƙarfe 7. Cire awa ɗaya da rabi don ko-ta-kwana, ya zama ƙarfe 5 kana bakin tasha. Jirgin ƙasa daga Roma yana cin awa ɗaya da 'yan mintuna, ga tafiyar ƙafa daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙofar tashar ruwa, ga jiran motar da ke kai mutane gindin jirgi. Ke nan 3:30 ta yi maka kana cikin jirgin ƙasa. Da safe ma da ƙyar ka isa birnin kafin ƙarfe 10. Awa 12 ta koma biyar da rabi. Wuri biyu za ka gani a natse, uku idan suna kusa da juna. Wanda ya jera shida zai wuni yana gudu, hoto kawai zai kwaso.

Agogo ma yana cin mutane. Wasu jirage ba sa canza lokacinsu idan sun shiga tasha, ita kuwa wayarka da ta kama sabis ɗin garin za ta juya da kanta, ka sami bambancin awa guda ba ka sani ba. Ka ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi a bakin ƙofar fita. Ka ɗauki hoton takardar shirin ranar da ake sakawa a ɗaki, domin a ciki akwai lokacin dawowa da lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Idan ka makara shi za ka kira, kuma galibi a hannunsa ake barin fasfonka idan jirgi ya tashi. Kuɗin bin jirgin zuwa tasha ta gaba daga aljihunka zai fito.

Yawon da kamfanin jirgi ke shiryawa ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma idan motarsu ta makale a hanya, jirgi zai jira ko kuma su ɗauki nauyin kai ka. Saboda haka duk inda tafiyar ta haura awa ɗaya da rabi, kamar Luksor ko Petra daga Akaba a ƙasar Jordan, ka bi na kamfani, kada ka ji ƙyashin kuɗin. Inda gari yake kusa, kamar Atina daga Piraeus, asarar kuɗi ce. Ka fita da kanka.

Akwai tashoshin da jirgi ba ya matsowa gaɓa, sai ya jefa anga a nesa a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage. Masu yawon kamfani ake fara ɗauka, kai sai ka karɓi lamba ka jira. A Santorini ta ƙasar Girka, garin yana kan tsauni, kuma layin jiran motar igiya (wadda ke rataye a waya tana hawa da sauka da mutane) ta saukowa yakan kai awa guda da yamma idan jirage sun haɗu da yawa. Ka sa wannan awar a lissafi. A tsibirin Ista na ƙasar Chile kuwa igiyar ruwa takan hana sauka gaba ɗaya, don haka kada ka biya mai yawo da kai kuɗin da ba ya dawowa.

Abin ɗauka kaɗan ne: katin jirgi, kwafin fasfo, maganinka na kwana biyu, ruwan sha, ɗan kuɗin ƙasar. Da direban tasi ku yi ciniki zuwa da dawowa kafin ka shiga, kuma kada ka cika masa sai ya dawo da kai. Kada ka sauka da 'ya'yan itace ko guntun abincin jirgi a Ostireliya da New Zealand, tarar tana da nauyi. Da zarar jirgi ya bar gaɓa ka kashe datar wayarka, saboda sabis ɗin tsakiyar teku yana da ɗan karen tsada.