Yadda ake kamun kifin tirawut da ƙudan gashi daga cikin kwale-kwale a tafkin Rutland

Duk wanda ya taso da fatsa a gida ya san tsarin: ka soka tana a ƙugiya, ka wurga, ka zauna kana jira. To wannan da zan yi maka bayani daban yake, babu tana babu ƙullin gari, ƙugiya ce ake ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, shi ya sa nake ce mata ƙudan gashi. Kuma kai ne za ka bi kifin har inda yake, iska na tura kwale-kwalenka a hankali kana wurgi a gabanka. Ni a tafkin Rutland da ke Ingila na koya, a hannun wani dattijo Bature da muka haɗa kuɗin hayar jirgi, kuma abin da ya fi nanata min shi ne zurfin da kifi yake ya fi launin ƙudan muhimmanci nesa ba kusa ba. Na daɗe ban gane ba, sai da na gani da idona.

Rutland ɗin madatsar ruwa ce da aka gina a shekarun 1970 kusa da garin Okam, kamfanin Anglian Water ke kula da ita, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 10 kuma a duk Ingila babu madatsar da ta kai ta faɗin ruwa. Akwai wani tsiri na ƙasa, Hambulton, da ya shigo tsakiya ya raba ruwan gida biyu, hannun arewa da hannun kudu, sai kuma babban fili ta wajen bangon dam ɗin. Ofishin masu kamun kifi yana ta Nomanton, kusa da tsohon cocin nan da aka ceto lokacin da ake cika ruwa, wanda in ka hango shi kamar yana yawo a kan tafkin. Kifin da ake kamawa a nan, tirawut, iri biyu ne, mai bakan gizo wanda asalinsa na yammacin Amurka ta Arewa ne ana kiwonsa ana zubawa, da kuma mai ruwan ƙasa wanda shi ɗan gida ne a Turai kuma ya fi wayo.

Kafin komai sai takardu. Duk wanda ya kai shekara 13 dole ya mallaki lasin ɗin sanda na hukumar kula da muhalli ta Ingila, a intanet ake saya minti biyar an gama, dan Allah kar ka yi wasa da wannan don ana dubawa kuma ana cin tara. Bayan shi sai tikitin yini na tafkin da kuɗin hayar kwale-kwale mai inji, ka kira ka kama wuri tun kafin ranar musamman in ƙarshen mako ne. In za ka samu abokin tafiya ya fi, kuɗin ya ragu kuma akwai mai taimaka maka.

Kaya kuma ba sai ka kashe dukiya ba. Sanda mai tsawon ƙafa 10 mai lamba 7, wato lambar nauyin igiyar da ta dace da ita, ita ce kowa ke riƙewa a nan, tsawon ne ke ba ka damar sarrafa ƙudaje kana zaune. Inda za ka sa kuɗinka shi ne igiyoyi, don a wannan kamun igiyar ce ke da nauyi, ita ke ɗaukar ƙudan ta kai shi nesa, kuma ita ke yanke zurfin da zai yi yawo. Ka samu mai yawo a saman ruwa guda ɗaya, da mai nutsewa a hankali sosai, sannan masu nutsewa da gaske. Na kamfanin Airflo sun fi yawa a hannun mutane, Di3 da Di5 da Di7, kuma lambar nan ma'anarta inci nawa igiyar ke nutsewa a kowace daƙiƙa, wato Di3 inci 3, Di7 inci 7. In kuɗi sun yi kaɗan fara da mai yawo da Di3 da Di7, za su kai ka. A bakin igiyar sai ka ƙulla siririn zare fari mai ɗaukar laba 8, wajen kilo 3 da rabi kenan, tsawon ƙafa 15 zuwa 18, ƙuda ɗaya a can ƙarshe, sauran biyu a kan ƴan gajerun rassa da ka fitar, tazarar ƙafa 5 haka tsakaninsu. Gwanaye uku suke sawa amma ni shawarata ka fara da biyu, saboda ranar da iska ta yi ƙarfi uku ɗin nan za su cukurkuɗe maka ka ɓata rabin yini kana warware ƙulli. In za ka ja ƙulli ka jiƙa shi da miyau tukuna, in ba haka ba zafin gogayya na raunana zaren.

Rigar kariya daga nutsewa dole ce, ba za su ma bar ka ka hau ba tare da ita ba, kuma ka sa ta ka ɗaure kar ka ajiye a gefe, ruwan watan Maris da Afrilu sanyinsa na iya sandarar da mutum cikin mintuna ko da ya iya iyo. Tabarau da hula su ma kar ka cire su ko da rana ba ta fito ba, ƙugiya uku ne ke wucewa ta gefen kanka da gudu. In ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka nufi gaɓa, sandunan yanzu na kabon ne suna jan walƙiya.

Yanzu ga asalin aikin. Ka tuƙa jirgi ka je can saman iska, wato ɓangaren da take busowa, ka juya shi ya kwanta a gicciye iska na bugun bayanku, sai ka kashe inji. Mutum ɗaya ta wajen inji ɗaya ta goshi, kowa da rabinsa na ruwan da ke gaba, ba a wurgi a ƙetara gaban ɗan'uwa. Sai ku jefa lemar ruwa ta baya, wani ƙyalle ne mai faɗi da ake ɗaurewa da igiya a jikin jirgin, yana buɗewa a cikin ruwa ya riƙe shi kar iska ta kwashe ku da sauri. Haka za ku riƙa tafiya sannu-sannu kuna wurgi gaba, kowane wurgi na faɗawa kan sabon ruwa da ba a taɓa ba. Mutanen Sikotlan da Ayalan ne suka daɗe da wannan salon a manyan tafkunansu, daga can ya bazu. Ba ka buƙatar wurgi mai nisa, ƙafa 40 ko 50 ya wadatar tunda jirgin ne ke kai ka, ka buɗe hannu kaɗan igiyar ta yi baka mai faɗi, ka jira ta miƙe a baya kafin ka turo ta gaba.

Ga wurin da sababbi ke faɗuwa, ka karanta shi sau biyu. Jirgin yana tafiya ne zuwa wajen ƙudajenka, saboda haka igiya na yin sako-sako a gabanka ko da ba ka taɓa ta ba. In kana jan igiya daidai da saurin jirgi to ƙudajen a tsaye suke cak suna nutsewa kawai, in kana so su motsa sai ka ja fiye da saurin jirgin, in kuma ka yi ƙasa da shi kifi zai ɗauka ya tofar ba ka ma sani ba. Kullum ka tabbata igiya a miƙe take daga bakin sanda zuwa ruwa, bakin sandar kuma yana ƙasa dab da ruwa.

Sai neman zurfi, wanda shi ne zancen dattijon nan. Da ƙuda ya faɗa ruwa ka fara ƙirge a ranka. Wurgin farko ka ƙirga 5 ka fara ja, bayan ƴan wurgi ka koma 10, sannan 15, 20, haka har ka ji an taɓa. Da Di3 in ka ƙirga 20 igiya ta yi inci 60, ƙafa 5 kenan, da Di7 kuma wannan ƙirgen ya kusa kai ka ƙafa 12. Da zarar kifi ya taɓa a wata lamba to ka riƙe lambar nan kamar lambar wayarka, ka yi ta maimaitawa, don masu bakan gizo garke suke yawo kuma a zurfi ɗaya. In ku biyu ne kar ku sa igiya iri ɗaya da safe, ɗaya ya bi sama ɗaya ya bi ƙasa, wanda ya fara samu sai ɗayan ya koma irin tasa. Akwai ranar da muka yi awa uku ina ta canza ƙuda ba ko taɓi, shi kuwa dattijo ya kama huɗu da ƙuda iri ɗaya da nawa, sai ya miƙo min faifan Di5 ɗinsa ya ce ƙirga 15, wallahi a wurgi na uku sanda ta lanƙwashe. Kifi yana ganin abin da ke samansa fiye da na ƙasansa, saboda haka in za ka yi kuskure gara ka yi shi ta sama.

Ja ma kala-kala ne. Akwai na naɗe igiya a tafin hannu da yatsu kamar kana zana lamba 8, a hankali, shi ke dacewa da ƙananan ƙudaje masu kama da ƙwarin ruwa. Akwai na fizga dogo-dogo da sauri, na manyan ƙudaje masu ƙyalli, wannan tsokanar kifin kake yi ya biyo. Amma kowanne ka yi kar ka fizge igiya daga ruwa da zarar ta zo kusa. In ya rage kamar tsawon sanda ɗaya ko biyu ka tsaya, ka ɗaga sanda a hankali ƙudajen su rataya a ruwa, ka ƙirga 5 zuwa 10. Sau da yawa kifin ya biyo tun daga nesa yana shakka, tsayawar nan ce ke sa shi ya afka, ni kam kifayen da na kama a wannan ɗan tsayin ba su ƙirguwa. In ruwa na da ƴar igiya kana iya sa ƙudan sama ya riƙa jan layi a fatar ruwan kafin ka ɗaga.

Batun wane ƙuda, wata ne ke gaya maka. Daga Afrilu zuwa Mayu tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo ita ke tasowa daga laka, Turawa na ce wa kwaikwayonta baza, baƙa siririya, a igiya mai yawo kusan ba ja, kuma kamun da kifi ke mata mai ƙarfi ne har yana iya tsinka zare in ka riƙe da tauri. Wani ƙuda mai suna Diyal Bak shi ma kar ya bar akwatinka, sunan daga harshen mutanen Wels ne ma'anarsa ƙaramin shaiɗan. Da zafi ya shigo kifi na komawa cin wasu mitsi-mitsin halittu da ake kira dafniya, su kuma in rana ta take sai su yi ƙasa in an yi lumshi su taso, kifi na biye da su, a nan ne wani dunƙulallen ƙuda mai ƙyalli da ake kira bulob, mai ruwan lemo, ke aiki. Tirawut ba ya son ruwa mai ɗumi, a tsakiyar Yuli da Agusta sai ka neme shi a zurfi ko wajen da ake hura iska a cikin ruwa ta babban filin. Satumba akwai ƙwaro mai dogayen ƙafafu da iska ke kwasowa daga ciyawa, lokacin kamun saman ruwa kenan, in kifi ya ɗauka ka ɗan jira ya juya kansa ƙasa kafin ka ɗaga. Oktoba kuma manya na shigowa bakin ciyayin ruwa suna farautar ƴaƴan kifi, ka duba inda tsuntsaye ke faɗawa.

Ka riƙa kallon ruwa. In ka ga wani dogon layi mai santsi da ƴar kumfa a tsakiyar igiyar ruwa, iska ce ta tara abinci a wurin kuma kifi na bin sa yana fuskantar iska, ka daidaita jirgi ku bi gefensa. Wani lokaci ma za ka ga shahon kifi ya sauko daga sama ya ɗauke nasa, an dawo da su Rutland daga Sikotlan ne a 1996 suka fara ƙyanƙyasa a 2001, kuma in sanyi ya gabato Afirka ta Yamma suke tafiya, wajen Senegal da Gambiya. Duk ranar da na gan su raina na yin fari.

In kun kai ƙarshen zango ko kun samu kifi kuna so ku maimaita, ku janye lema tukuna kafin a tada inji, ku zagaya ta nesa ku koma sama, kar ku ratsa ta kan ruwan da za ku sake bi kuma kar ku ratsa gaban wani jirgi, wannan babban rashin ladabi ne a wurinsu. Masu tsayawa a gaɓa ma a ba su fili sosai.

Kifi in ya kama ka ɗaga sanda kawai ba fizga ba, ka bar shi ya gudu in yana so, ka kiyaye shi daga igiyar lema, sai ya kwanta a gefensa sannan ka jawo shi kan koma. In na ci ne ka buge shi a ka nan take da ɗan kulki kar ya wahala, sannan ka zura ɗan siririn cokali ta bakinsa ka ga abin da ya ci, wannan zai gaya maka ƙudan da za ka sa. In sakinsa za ka yi, ƙugiya marar ƙaya, ka jiƙa hannu, kuma kar ka fito da shi daga ruwa in da hali. Yawan da aka yarda ka ɗauka yana rubuce a tikitinka.

Ka dawo da jirgi kan lokacin da suka ce, ka rubuta musu abin da ka kama ko da babu ne. Koma da lema da takalma kuma ka duba su ka wanke ka shanya su bushe sarai kafin ka kai su wani ruwa, tun 2010 da aka gano wani baƙon jatan lande mai cinye ƙwarin ruwa a tafkin Girafam da ke can kusa ake tsananta wannan, yana iya maƙalewa a jiƙaƙƙen ƙyalle ya yi kwanaki da ransa.