Yadda Za Ki Zaɓa Wa Ɗanki Makarantar Raino

Da yaro ya shekara biyu, an yaye shi, sai a fara shawarar inda za a kai shi. Wata uwar aiki ke jiranta, wata karatu, wata kuwa gani ta yi yaron ya gaji da wasa shi kaɗai a tsakar gida. A Kano da Kaduna da wuya ki wuce layi uku ba ki ga gidan da aka shafe da fenti kala-kala an ce makarantar raino ce ba. Ga yadda za ki tantance.

Da farko, duba nisa. Ki fara da waɗanda za a iya kai shi da ƙafa, ko tafiya kaɗan a adaidaita sahu. Ɗan shekara biyu ba ya jure cunkoson safe, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu. Ranar da aka kira ki cewa jikinsa ya yi zafi, kusancin zai yi miki rana.

Na biyu, ki je da kanki ba tare da sanarwa ba. Gani ya kori ji. Ki je wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da yara suka fara gajiya, masu kuka na kuka, masu jin yunwa na ƙorafi. Idan aka tsayar da ke a ofis aka ce ba a shiga aji, ki gode musu ki kama hanya.

Na uku, ki zuba wa anti ido. Wannan shi ne jigon komai, don a hannunta yaron zai wuni. Ki nemi kujera ki ɗan zauna. Idan yaro ya yi kuka, durƙusawa take yi ta dube shi, ko daga nesa take daka masa tsawa? Tana kiran kowa da sunansa? Waya ce a hannunta ko yaro? Ki lura da yaran ma: inda ake jan su a jiki, za ki ga suna ruga mata da gudu, suna riƙe mata gefen hijabi. Ajin 'yan shekara biyu da ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su, wallahi ni tsoro yake ba ni. Ki leƙa bayan ƙofa ko akwai tsumagiya. Ki ƙirga yaran, ki ƙirga manya. Mace ɗaya da yara ashirin, duk kirkinta, ba za ta iya ba. Sannan ki tambayi tsawon zamanta a wurin, domin inda ake sauya masu raino kowane zango, yaro ba ya samun wadda zai shaƙu da ita.

Na huɗu, banɗaki da ruwa. Ki roƙa a nuna miki inda ake canza famfas da inda ake ajiye fo. Akwai sabulu? Kowa da kofinsa, ko moɗa ɗaya ake zagayawa da ita? Ta nan gudawa ke bin yara. Rijiya ta kasance a rufe, soket ya yi sama, tagogi su sha iska.

Na biyar, me ake yi da su? Nan iyaye da yawa ke ruɗuwa, suna son a ce ɗansu na rubuta ɗaya zuwa ɗari. Yatsunsa ba su nuna ba tukuna. Abin da yake buƙata shi ne yashi, waƙa, tatsuniya, gudu, da koyon jiran layi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce ƙananan yara su samu motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, ɗan shekara biyu kuma kada kallon allon talabijin ko na waya ya wuce masa awa ɗaya. Don haka idan talabijin ce ke rainon ajin, ba ki samu wuri ba. Ki tambayi lokacin barci da inda ake shimfiɗa. Kada kuma ki damu don anti na yi musu Hausa. Yaron da ke iya faɗin inda ke masa ciwo da harshen gida ya fi samun sauƙi.

Na shida, tambayoyin ofis. Suna neman katin riga-kafi? Wurin da bai tambaya ba, bai tambayi sauran yaran ba ke nan, ƙyanda kuwa saurin yaɗuwa gare ta. Wa ake miƙa wa yaro in an tashi, kuma ta yaya maigadi zai gane shi? Ki ga takardar rajistarsu da ma'aikatar ilimi ta jiha. Kuɗi kuma a rubuta miki duka, har na yunifom da na bikin ƙarshen zango, ki kai wa maigida lissafi ɗaya.

Daga ƙarshe, gwaji. Ki nemi a fara da awa biyu a makon farko. Ki yi masa sallama ki faɗa masa za ki dawo, kada ki sulale. Kukan rabuwa ba komai ba ne, yakan lafa cikin makonni kaɗan. Amma idan ya daina cin abinci, yana firgita cikin barci, ko yana kare kansa da hannu in kin matso, ki koma ki bincika a ranar, ko da kin riga kin biya kuɗin zangon.