Kafin ka kira masu haƙa foraj a garkarka

Garkata tana bakin Gulbi, tsakanin Maraɗi da Jiratawa. Tun da aka yi madatsar Jibiya a Jihar Katsina, gulbin ba ya kwana a fadama kamar da, ruwan ƙasa kuma yana ta ja da baya. Rijiyar da mahaifina ya bar mini, da gaba huɗu ake taɓa ruwanta, yanzu sai na ƙara igiya. Shi ya sa na yi foraj, wato rijiyar burtsatse, kuma na yi shi da kuskuren da ba na so wani ya maimaita.

Fara da takardar fili. Ka je wurin kwamitin filaye na garinku, wanda muke kira kofo, a ba ka shaidar gado ce, saye ne, ko aro. Tsarin nan ya samo asali daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993. In filin aro ne ko jingina, kada ka saka bututu ko ɗaya sai mai shi ya yarda a rubuce, a gaban mai gari, an kuma faɗi wa zai ci foraj ɗin ranar da aka raba gari.

Sai maƙwabci, kuma a nan na yi tuntuɓe. Na sa aka haƙa nawa taku goma sha biyu daga rijiyar dattijon da muke iyaka da shi. Ranar da na tada inji, kafin azahar gugarsa ta fara fitowa da laka. Ya zo ya tsaya a kaina, guga a hannu, ya ce, "Ɗana, ruwan nan da kake ja, daga ƙarƙashin albasata yake fitowa." Gaskiya ya faɗa. Inji in ya ja, ruwan da ke kewaye yakan gangaro wajen bututun kamar yadda hatsi ke zurarewa in an huda buhu, kuma rijiyar da ta fi kusa ita ke fara jin jiki. Don haka ka kira maƙwabcinka tun kafin masu haƙa su sauke kaya, ku zaɓi wurin tare, nesa da rijiyarsa iyakar yadda filinka ya ba ka dama. Ku zura igiya mai ƙulli a rijiyarsa ku ga inda ruwa ya tsaya, ku rubuta da kwanan wata. Gobe in magana ta taso, igiyar nan ta fi rantsuwa.

Mu dai a zauren mai gari muka ƙare. Aka yanke ni in ja da asuba zuwa hantsi, in kashe inji, rijiyarsa ta huta ta taru, shi ya yi ban ruwa da la'asar. A watan Afrilu da Mayu kuma nakan miƙa masa tiyo sau biyu a mako.

Kada ka tsallake ofishin ma'aikatar ruwa. Dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ta ɗauki ruwan ƙarƙashin ƙasa a matsayin dukiyar al'umma, mallakar fili ba ta ba ka ikon zuƙe shi yadda ka ga dama ba. Ɗiban ruwan gida daban, na inji daban: wani aikin sanarwa kawai yake buƙata, wani sai da izini, gwargwadon girmansa. Ka je da takardar filinka ka faɗi zurfin da kake nufi da irin injin, su gaya maka inda ka faɗa. Ka kuma tambaye su yanayin ƙasar wurin. A fadamar Gulbi yashi ne, haƙan hannu ma yana kai wa ga ruwa, amma can kudu wajen Ɗan Issa dutse ne a ƙasa, mutum na iya zuba kuɗinsa ya tashi da busasshen rami.

In foraj ɗin mai zurfi ne kuma za a sha, a kai ruwan awo tukuna. Duk ɗan Maraɗi ya san abin da ya sami yaran Tibiri, da ruwan foraj mai yawan sinadarin fuloro ya ɓata musu haƙora ya lanƙwasa musu ƙafafu, alhali a ido ruwan garau yake.

Wanda zai haƙa a arewa, yankin kiwo bayan Dakoro, lissafinsa daban ne. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa tazara tsakanin rijiyoyi don kada ciyawa ta ƙare, kuma mai rijiya shi ke fara shayarwa, amma ba ya korar baƙon garke da ƙishirwa.

Ni har yau igiyar tana rataye a jikin mangwaro. Duk ranar Juma'a ta farkon wata mukan zura ta ni da dattijon, in rubuta a bayan kalanda. Bana a Mayu ƙulli biyu ruwan ya sauka, sai na rage zogale fangali uku na bar albasa.