Yadda ake ɗauko mai rauni da jirgi mai saukar ungulu: abin da matuƙan farko suka koya

Abu na farko shi ne lissafin nauyi, kuma zafin rana na cikin lissafin. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa raguwa yake. A watan Afrilun 1944, a dajin ƙasar Bama (Myanmar ta yau), Laftanar Carter Harman na sojan Amurka ya je ɗauko mutum huɗu da Sikorsky YR-4B, jirgin da ƙarfinsa bai wuce doki 200 ba. Ɗaiɗai ya riƙa kwashe su. Bayan sawu biyu injin ya yi zafi, dole ya kwana, washegari ya ɗauko sauran biyun. Saboda haka a Kano, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kayan da jirgi zai ɗaga da asuba ba lallai ya ɗaga su da azahar ba. Idan matuƙi ya ce a rage mutum, a rage, ban da gardama.

Sai fili. A samu shimfiɗaɗɗen wuri kamar mita 30 a kowane ɓangare, babu wayar lantarki kusa. A kwashe leda, tabarma, kwanon rufi da duk abin da iska za ta iya sura. In ƙasar mai rairayi ce, a yayyafa ruwa. In ba haka ba ƙura za ta turnuƙe, matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgin ya karkace ya kife. Da iska a gabansa yake sauka, don haka a ɗan tayar da hayaƙi a gefe ya ga inda take kaɗawa.

A tsayar da jini, a ɗaure majiyyaci tun yana ƙasa. A yaƙin Koriya (1950 zuwa 1953) jirgin Bell H-13 kan ɗauki mutum biyu ne a gadaje na waje, dama da hagu, babu mai iya taɓa su sai an sauka. Bargon ma ɗaure shi ake yi, don kada ya tashi ya shiga farfela.

Inda babu wurin sauka, igiyar ƙarfe ake zurowa. Haka aka ciro mutum biyu daga kan jirgin dakon mai da guguwa ta kora a gabar jihar Connecticut ta Amurka ranar 29 ga Nuwamba 1945. Kada a yi saurin cafke ƙugiyar da ke bakin igiyar. Jirgin yana tara wutar lantarki a jikinsa yayin da yake sama, kuma tana iya kayar da ƙato. A bari ƙugiyar ta taɓa ƙasa ko ruwa tukuna. Kada kuma a ɗaure igiyar a bishiya ko mota, jirgin ne zai biyo ta. Madaurin da ake sa wa wanda za a ciro ya shiga ta ƙarƙashin hamata, hannuwa su kasance a ƙasa, domin wanda ya ɗaga hannu zai sulluɓe.

In jirgin ya sauka, a jira matuƙi ya yafito, a nufo shi ta gaba a sunkuye, hula a hannu. Ƙaramar farfelar wutsiya ba a ganinta idan tana juyawa, saboda haka ba a zagayawa ta baya.