Yadda Ake Dawo Da Ƙarfin Jiki A Wata Uku, Ga Wanda Ya Daɗe A Zaune

A Garwa da wuya ka sami unguwar da ba ta da ƙungiyar ƙwallon Lahadi, irin wadda ake kira dozero, wato biyu da nema. Manyan mutane ne ke taruwa da sassafe, 'yan kasuwa da malaman makaranta da direbobi, a buga awa ɗaya da rabi a watse. Ni ma na taɓa sayen takalmin ƙwallo na nufi fili bayan na shekara takwas a zaune a rumfar kasuwa. Minti goma ban cika ba numfashi ya ƙare, da na yi ƙoƙarin bin wani yaro sai jijiyar bayan cinya ta riƙe. Wani dattijo da ke gefen fili ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai ba a fafe gora ranar tafiya." Mako uku na yi ina ɗingishi, sallah ma a zaune.

Wanda ya tambaye ni yanzu tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya murje, ce masa nake mako goma sha biyu, in ya riƙe abin. Sai dai sassan jiki ba tare suke amsawa ba. Numfashi ne ke fara gyaruwa, cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙarfi ya biyo baya. Surar jiki da tumbi sai daga baya, jijiyoyi da gaɓoɓi kuwa sun fi kowa nawa. Yawancin waɗanda suka fara suka bari, madubi suka tambaya a mako na uku, madubi kuwa ba shi da abin faɗa a lokacin.

Mataki na farko: ka auna kanka kafin ka motsa

In ka haura shekara arba'in, ko a gidanku akwai mai hawan jini ko ciwon suga, ka fara zuwa asibiti ko kantin magani a auna maka jini. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma an sake aunawa wata rana an ga haka, sai ka ji ta bakin likita tukuna. Haka mai ciwon zuciya, mai asma da mace mai juna biyu.

Daga nan ka nemi ƙaramin littafi ka rubuta abu uku. Na ɗaya bugun zuciyarka. Da ka farka kafin ka tashi alwalar asuba, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ƙasan babban yatsa, ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Na baligi mai lafiya yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Na biyu, zaɓi hanya guda da ka sani, misali daga ƙofar gidanka zuwa filin wasa na Rumde Ajiya, ko daga masallacin unguwa zuwa kasuwa, ka taka da sauri ka rubuta mintin da ta ci. Na uku faɗin ciki. Ba sai ka je wurin tela ba: yanki igiya daidai tsayinka, ninka ta biyu, ka zagaya cikinka ta saitin cibiya. In bakunan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Waɗannan ukun za ka riƙa dubawa duk bayan mako biyu. Sikeli ka bar shi tukuna, yana saurin karya wa mutum gwiwa.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Nan ne ƙasarmu ta sha bamban da abin da ake gani a bidiyon intanet. A Garwa da Marwa, watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, a Kusiri da Njamena ma haka. Sabon shiga da ya fara gudu a irin wannan lokaci wahala biyu ya haɗa wa zuciyarsa, ga aikin tura jini zuwa tsoka, ga na tura shi zuwa fata don jiki ya huce. Shi ya sa na fi son mutum ya fara a ƙarshen damina ko farkon hunturu. In ka fara a Nuwamba, wata ukunka zai cika a Fabrairu, bazara ta same ka a shirye. Mutanen Ngaundare Allah ya huwace musu tudu da sanyi, su kowane wata ma ya yi.

A cikin yini kuwa, bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai shi ne lokaci. In ba hali, sai dab da magariba. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari har ba ka hangen ƙarshen layi, ka yi naka a tsakar gida ko ka fasa, musamman in kana da tari ko asma.

Mataki na uku: mako huɗun farko, tafiya ba gudu ba

Na san wannan zai yi wa wasu ciwo. Mutumin da ya taɓa buga wa unguwarsu lamba tara ba ya son a ce masa ya tsaya a tattaki. Amma ƙwaƙwalwa ce ke tuna gudun da, agara da gwiwa sun manta.

Mako biyun farko, minti 20 na tafiya mai sauri, kwana huɗu ko biyar a mako. Ma'aunin saurin shi ne bakinka: in kana iya amsa gaisuwa da jimla cikakkiya amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana daidai. In sai kalma ɗaya-ɗaya kake fitarwa, rage. A mako na uku da na huɗu ka kai minti 30, kwana biyar. Ka ga kenan ka cika minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da shi a ƙa'idojinta na 2020, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu.

Kwana ɗaya ko biyu bayan fitar farko jiki zai yi tsami, cinyoyi da sharaɓa su yi nauyi. Wannan ba ciwo ba ne, yakan tsananta tsakanin awa 24 da 72 sannan ya saki, kuma tafiya a hankali ta fi kwanciya yi masa magani. Abin da za ka tsaya dominsa nan take shi ne ciwon ƙirji, jiri, duhun gani, ko zafi mai suka a cikin gaɓa. Na ƙirjin ba a kwana da shi a gida.

A cikin wannan watan jiki na aikin da ido ba ya gani. Ruwan jini na ƙaruwa tun a makon farko, don haka zuciya na tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Za ka lura barci ya fara daɗi, kuma hawan bene ko ɗaukar buhu daga mota zuwa rumfa bai sa ka haki irin na da.

Ga 'yan'uwa mata, Hajiya, ba dole sai kin fita titi ba. Zagayen tsakar gida na minti 30 tafiya ce cikakkiya in an yi ta da sauri, haka tafiya ƙafa zuwa Islamiyya maimakon hawa babur. In kin sami maƙwabciya kuka riƙa fita tare bayan asuba, abin ya fi ɗorewa, don ranar da lalaci ya kama ɗaya, ɗayar za ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Mataki na huɗu: shigo da aikin ƙarfi

Daga mako na uku, ware kwana biyu da ba sa jere, kamar Litinin da Alhamis. Ba ka bukatar biyan ko sefa ɗaya a gidan motsa jiki. Tsugunna ka tashi, kamar za ka zauna a kujera ka fasa, sau 10. Kifa ciki ka ɗaga jiki da hannuwa sau 8 zuwa 12, in ya gagara ka dafa bango ko benci. Ɗauki jarka a kowane hannu ka yi taku ashirin ka dawo. Jarkar lita 20 in ta cika ruwa kilo 20 ce, don haka ka fara da rabi. Kowanne ka yi zagaye biyu, bayan mako biyu ka mai da shi uku.

Za ka yi mamakin yadda ƙarfi ke zuwa da wuri. Wanda ya fara da ɗaga jiki sau biyar yakan ninka a cikin wata guda, alhali dantsensa bai ƙaru ba. Dalili shi ne a makonnin farko ƙwaƙwalwa ce ke koyon yadda za ta tashi zaren tsoka da yawa lokaci guda. Girman tsokar kansa sai wajen mako na takwas zuwa na goma sha biyu yake fara bayyana. Dubi masu tura ruwa a kura da masu dako a babbar kasuwa, ba wanda ya sami wannan kafaɗa a damina ɗaya.

Mataki na biyar: sassarfa, daga mako na biyar

Yanzu ne za ka fara ɗaga ƙafa. Minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, ka maimaita har minti 24 ko 30, kwana uku a mako, sauran kwanakin tafiya ko hutu. Duk mako ka ɗan tsawaita sassarfar ka rage tafiyar: biyu da biyu, uku da biyu, biyar da ɗaya. Zuwa mako na goma ko na goma sha biyu mutane da yawa na iya yin minti 20 zuwa 30 ba tsayawa. In wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, ba wanda ke riƙe da agogo a kanka.

Hatsarin wannan zango shi ne daɗi. Numfashi ya buɗe, sai ka ji kamar ka tsallake mako uku. Amma agara da jijiyoyin gwiwa jini kaɗan ke ratsa su, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari, kuma a daidai nan ne ake samun ciwon ƙauri da na dunduniya. Ka fifita ƙasa mai laushi a kan kwalta. Silifa ba takalmin gudu ba ne. Kambas na gwanjo mai taushin ƙasa ya wadatar. Wanda ke Marwa yana son gwada kansa da hawan dutse, ya bari sai wata na uku, kuma ya sani saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Maganar tumbi

Ga inda ake yawan ɓata rai. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Tafiyar sauri ta rabin awa, ga mai nauyin kilo 70, kalori 150 ko kusa da haka take ƙonawa, kusan abin da ke cikin ƙaramar kwalbar lemo ɗaya. To mutumin da ya dawo daga fili ya zauna teburin mai shayi, aka zuba masa madara mai suga, ya haɗa da fanke biyar, da dare kuma ga tsire, shi kam ya biya bashin da bai ci ba ma. Ba na cewa a bar tuwon dawa da miyar yakuwa, abincinmu ne kuma ba shi ne mai laifi ba. Sukarin shayi na zagaye uku a majalisa da lemon kwalba da zoɓon da aka cika wa zaƙi, su za a fara ragewa. In an haɗa haka da motsa jiki, igiyar nan takan fara nuna sauyi a wata na biyu ko na uku. Motsa cikin kawai, a kwanta a tashi sau ɗari, yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashi ne, ba ya zaɓar kitsen wurin ya narkar.

Ruwa, zafi da azumi

Sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin fita, ka ƙara in ka dawo. Fitsari ne ɗan rahoto: in ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai isa ba. Da bazara ta shigo ka rage tsawo da sauri na mako ɗaya zuwa biyu, iya lokacin da jiki ke ɗauka kenan ya saba da zafi, ya riƙa fitar da zufa da wuri. A watan azumi ba a neman ƙari, riƙe abin da aka samu ake yi: tafiya mara nauyi dab da shan ruwa, ko ɗan aikin ƙarfi bayan asham.

In tafiya ko rashin lafiya ta katse ka

Za ta katse ka, ko fatauci zuwa Yawunde, ko biki, ko zazzaɓin cizon sauro da damina. Da zazzaɓi a jiki ba a motsa jiki sam, sai an gama magani ƙarfi ya dawo. Hutun mako ɗaya ba ya rage komai. Daga mako biyu zuwa uku numfashi ke fara ja da baya, ƙarfin tsoka kuwa ya fi jimawa. In hutun ya kai wata, koma baya da mako biyu ko uku a jadawalinka ka taso daga nan. Dawowa ba ta ɗaukar tsawon lokacin farawa.

A ƙarshen mako na goma sha biyu ka buɗe littafin nan ka sake taka hanyar da ka auna ranar farko. Ni tawa ta minti 26 ce ta koma 21, bugun zuciya kuma ya sauko daga 84 zuwa 72, duk da igiyar ba ta gama haɗuwa ba. Lahadin da ta biyo na koma dozero, na roƙi a sa ni baya, na buga minti ashirin na fita da ƙafata. Dattijon nan na wurin da na bar shi, ya ce, "Alhaji, yau ba ɗingishi?" Na ce masa, "Baba, sai dai mako mai zuwa a ƙara mini minti biyar."